Zanen barkwanci: yadda alƙalamin Tenniel ya riƙa dukan manyan 'yan siyasar Birtaniya

A zamanin Sarauniya Victoria, wadda ta mulki Birtaniya daga 1837 zuwa 1901, 'yan majalisa na tsoron shafi ɗaya na mujallar Punch fiye da dogon jawabin abokin hamayya. An kafa mujallar a Landan a 1841, kuma kowane mako takan fito da babban zane guda kan rigimar siyasar da ake ciki. Marubutanta kan haɗu cin abincin dare ranar Laraba su zaɓi wanda za a yi wa zambo, mai zane ya zana a kan katako, masassaƙa su sassaƙe shi a kai maɗaba'a. Daga 1864 zuwa 1901, John Tenniel ne ke riƙe da wannan shafi.

Mutum biyu suka fi shan alƙalaminsa: Benjamin Disraeli na jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, da William Gladstone na masu sassaucin ra'ayi, wanda ya zama firaminista har sau huɗu. Ba sa ga maciji da juna. Gladstone na sha'awar sare itatuwa a gidansa na Hawarden, saboda haka masu zane suka liƙa masa gatari. Disraeli kuwa aka maishe shi ɗan dabo mai wayo.

A 1867, lokacin da gwamnatin masu ra'ayin riƙau ta kawo dokar da ta kusan ninka yawan masu jefa ƙuri'a, Tenniel ya zana Disraeli a siffar doki, ya ɗauko Birtaniya zai faɗa da ita cikin duhun kurmi. A 1876, da ya sa majalisa ta ƙara wa Victoria sarautar Indiya, sai aka nuno shi kamar bokan labarin Aladin, yana tallar sabon kambi a musaya da tsoho.

Shi ma Gladstone bai tsira ba, kuma Sudan ce ta jawo masa. A farkon Fabrairun 1885 Punch ta buga zanen Janar Gordon yana tarbar sojojin da aka tura ceto shi a Khartum. Ashe dakarun Mahadi sun kashe shi tun 26 ga Janairu. Mako na gaba mujallar ta fito da wani zane mai cewa an makara, 'yan adawa kuma suka ɗora wa Gladstone alhakin jinkirin.

Sai dai dariyar tana da waɗanda ta zalunta. Disraeli asalinsa Bayahude ne, kuma zane-zane da yawa sun yi amfani da hancinsa da asalinsa don nuna shi kamar baƙo a ƙasarsa. 'Yan Ireland masu neman 'yanci kuwa, sau da yawa da fuskar biri ake zana su.

Duk da haka, ba a ɗaure Tenniel ba, ba a rufe mujallar ba. A 1893, Gladstone da kansa, yana firaminista, ya ba da sunansa aka karrama shi da lambar girma ta Sir. Punch ta ci gaba da fitowa, da ɗan tsaiko a tsakani, har zuwa 2002.