Daga tuƙin Uber zuwa aikin kwamfuta: Kira ga matasanmu na Greensboro

Duk wanda ya bi titin Wendover a birnin Greensboro da ke jihar North Carolina ta Amurka, zai tarar da matasanmu 'yan Nijar da Najeriya na fafutukar neman na sakawa a bakin salati, wasu na tuƙin Uber, wasu na aiki a kantuna da rumbunan kaya. Sai dai aikin ƙarfi, ranar da ƙarfin ya ƙare shi ma ya ƙare.

Shi kansa birnin ya sauya sana'a. A da masaƙu ne ke riƙe da shi, amma a ƙarshen 2017 aka rufe shahararriyar masaƙar White Oak. Yau kamfanin Honda na ƙera ƙananan jiragen sama a nan, yayin da Toyota ya fara ƙera batiran mota a garin Liberty da ke kusa a 2025. Irin waɗannan masana'antu ba sa tafiya sai da masu kula da kwamfuta.

Kwalejin GTCC, wadda ke da reshe a gabashin titin, na koyar da fasahar kwamfuta cikin shekara biyu. Mai gaggawa kuma na iya farawa da takardar shaidar CompTIA A+, wadda jarrabawa biyu ce.

Amma kada a saki reshe a kama ganye, domin a 2023 Google kaɗai ya sallami ma'aikata kimanin 12,000. Don haka 'yan uwa, a riƙe aikin hannu, a riƙa karatu da dare, har sai sabon ya samu.