Kafin Mai Hoton Biki Ya Canza Kyamara

Biki ɗaya a ƙasar Hausa kan jefa mai hoto cikin haske iri-iri a 'yan kwanaki kaɗan. Ga ɗaurin aure a ƙofar masallaci da rana tsaka, ango da abokansa sun sha farar shadda tana ɗaukar ido. Ga kamu a tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa, rabin fuska a inuwa, rabi a rana. Ga dina a zauren taro, fitilu ja da shuɗi sai juyawa suke yi. Ga kuma kai amarya da daddare, a ɗaki mai ƙwan fitila ɗaya, in ma ba a ɗauke wutar ba. Duk cikinsu babu wanda za a sake don hoto bai fito ba.

Saboda haka idan mai hoton da ya fara sana'a da irin su Canon 600D ko Nikon D3200 ya tara kuɗi zai sayi sabuwar gangar jikin kyamara, wato bodi, tambayar da ta kamace shi ita ce a ina tsohuwar take ba shi kunya. Sabunta ko tsada ba sa amsa wannan tambaya.

A fara da lensi

Bodi kan tsufa cikin 'yan shekaru, amma lensi mai kyau yakan yi wa mutum shekara goma yana aiki, ko fiye. Don haka lensin da ke cikin jakar mutum shi ne ya kamata ya fara yi masa jagora. Mai lensin Canon na EF zai iya ɗaura su a kan sababbin kyamarorin kamfanin masu bakin RF ta hanyar adafta, kuma suna aiki lafiya. Nikon ma tana da adaftar FTZ, sai dai tsofaffin lensinta na AF-D ba sa neman fokas da kansu a kanta, sai an murɗa da hannu. Wanda ya ce zai koma Sony zai tarar da lensin Sigma da Tamron masu sauƙin kuɗi, amma ya san cewa kusan daga farko zai sake haɗa kaya.

Akwai wani rami da mutane da yawa ke faɗawa. Lensin da ke zuwa da ƙananan kyamarori, EF-S a Canon da DX a Nikon, an ƙera su ne don ƙaramar sensa. Idan aka sa su a kyamara mai babbar sensa da ke karɓarsu, tsakiyar sensar kawai suke cikawa, sai hoton da ya kamata ya zama megafiksel 24 ya dawo kusan 10. An biya kuɗin babba, ana aiki da ƙarama.

Girman sensa da farar shadda

Sensa ita ce faifan da ke karɓar haske a cikin kyamara. Babbar tana da faɗin milimita 36 da tsayin 24, daidai da girman fim ɗin da aka yi amfani da shi a da. Ƙaramar kuwa ba ta kai rabin wannan fili ba. Babbar ta fi tara haske, shi ya sa a zauren dina za a iya ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske, zuwa 3200 ko 6400 ba tare da fuskar amarya ta cika da tsaki-tsaki ba. Tana kuma ba da faɗi. Lensi mai milimita 50 a kan ƙaramar Canon gani yake kamar mai 80, shi ya sa a ɗakin amarya mai hoto zai yi ta ja da baya har ya jingina da bango, ƙawaye ba su gama shiga hoton ba.

Abin da ya fi shafar masu hotonmu, wanda tallace-tallace ba su cika magana a kai ba, shi ne iya riƙe fari da duhu a hoto ɗaya. Ango baƙi ne ko wankan tarwaɗa, ya sa farar babbar riga, rana ta take. Ma'aunin hasken kyamara zai ga farin ya yi yawa, sai ya rage, fuskar ta dushe. In mai hoto ya ƙara haske don fuska ta fito, aikin da ke wuyan riga da aljihu, wanda aka kashe wa kuɗi, sai ya narke ya zama fari fat. Mafita ita ce a ɗauka da tsarin RAW, a kare farin rigar, daga baya a ɗago fuskar a kwamfuta. A nan ne sensa take nuna halinta. Nikon D750 ta 2014 ta yi suna a kan haka, ita ma Canon 5D Mark IV ta 2016 ta fi yayarta Mark III ta 2012 jure ɗago inuwa ba tare da launi ya lalace ba.

Yawan megafiksel kuwa, wanda shi mai shago zai fara ambata, ba shi ne abin damuwa ba. Hoto mai megafiksel 24 ɗigo 6000 ne a faɗi da 4000 a tsayi, ya isa a buga shi inci 20 da 13 tas, balle shafin albam ko Instagram da WhatsApp inda yawancin hotunan biki suke ƙarewa. Masu 45, irin su Canon R5 da Nikon D850, sai da kwamfuta mai ƙarfi da ma'ajiya mai yawa. Canon R6 ta 2020 megafiksel 20 gare ta, amma masu hoton biki a duniya suka rungume ta.

Ramin kati biyu

Katin memori yakan mutu ba sallama, musamman da yake jabu sun cika kasuwa. Kyamara mai ramin kati biyu tana iya rubuta kowane hoto a katunan biyu lokaci ɗaya, in ɗaya ya lalace ɗaya na nan. Lokacin da Canon ta fitar da EOS R, Nikon kuma ta fitar da Z6 a 2018, duka da rami ɗaya, masu hoton biki sun yi ƙorafi sosai, alhali Sony A7 III ta wannan shekarar biyu ta zo da su. Zuwa 2020 R6 da Z6 II duk sun zo da biyu. Canon 6D da RP da R8 kyamarori ne masu fitar da hoto mai kyau, amma raminsu ɗaya. Ga mai hoton situdiyo da zai iya cewa a dawo gobe, ba matsala. Ga wanda ya karɓi kuɗin biki, caca ce da mutuncinsa.

Mai madubi ko marar madubi

Babban abin da kyamarori marasa madubi suka kawo shi ne bin ƙwayar ido. Idan aka buɗe lensi mai milimita 85 zuwa f/1.8 don bayan mutum ya narke, wurin da ke fitowa da kaifi bai wuce 'yan santimita ba. Kuskure kaɗan, sai hanci ya fito tar, ido ya yi dishi-dishi. Sabuwar kyamara takan kama idon ta bi shi ko da mutum yana tafiya, ko yana gefen hoto. Ga shi kuma tun kafin a danna, mai hoto yana ganin yadda hasken zai fito.

Amma amaryar Bahaushe ba kullum take ba kyamara ido ba. A wurin kamu fuskarta a lulluɓe take da mayafi, a wurin dina kanta a sunkuye don kunya. Kyamara in ta rasa ido sai ta yi tsalle ta kama na ƙawar da ke gefe tana dariya. Don haka kafin a saya, a gwada sauƙin karɓe fokas daga hannun kyamarar da yatsa ɗaya, a mayar da shi kan lallen hannu ko bakin mayafi.

Marasa madubi suna da nasu nauyin. Suna shan batir: a ma'aunin kamfanoni D750 mai madubi na ɗaukar hoto 1,230 da caji ɗaya, A7 III 710, EOS R kuwa wajen 370. A inda wuta ba ta da tabbas, kuɗin ƙarin batir biyu ko uku yana cikin kuɗin kyamara. Da hunturu, duk lokacin da aka cire lensi sensa a buɗe take ga ƙura, sai dai irin R6 da ke sauke labule ya rufe sensar idan an kashe ta. Sannan ɗauka marar ƙara, wadda take da daɗi lokacin addu'a, takan jawo layi-layi a hoto ƙarƙashin fitilun LED, domin wutar Najeriya da Nijar mai juyi 50 ce a daƙiƙa, fitilun kuma ƙiftawa suke yi. A zauren taro gara a koma ɗauka da labulen ƙarfe mai ƙara, ko a saita gudun a 1/100.

Ta hannu

A ƙarshen 2021 shugaban Canon, Fujio Mitarai, ya nuna cewa 1D X Mark III ce babbar kyamara mai madubi ta ƙarshe da za su yi. Yayin da ƙwararru a waje suke komawa marasa madubi, tsofaffin kayansu suna gangarowa kasuwar na hannu. Ga mai ƙaramin jari, 5D Mark III ko D750 mai lafiya za ta yi masa biki ba kunya. Sai dai araha ba ta ado, dole a bincika. Labulen waɗannan biyun an auna shi a kan dannawa 150,000, don haka a duba adadin da aka riga aka danna. A ɗauki farin bango a f/16 a ga ko akwai tabo a sensa. A gwada ramukan kati duka biyu, da mazaunin filasha.

Kada kuma a yi saurin sayar da tsohuwar. Mai hoton biki da kyamara ɗaya, ranar da ta tsaya aiki ya tsaya. Tsohuwar a rataye da wani lensi daban tana rage canje-canje a cikin ƙura.

Kafin ya nufi kasuwa, mai hoto ya zauna ya buɗe hotunan da ya watsar daga bukukuwansa na baya-bayan nan, ya kasa su bisa dalili. In yawancinsu fokas ne ya kuɓuce, marar madubi yake bukata. In tsaki-tsaki ne da duhun fuska, babbar sensa. In kuwa hasken ne bai faɗi daidai ba, ko mutane sun tsaya ƙiƙam ba fasali, to sabuwar bodi ba za ta gyara komai ba. Filasha mai kyau da lensi mai milimita 50 f/1.8, waɗanda kuɗinsu bai kama ƙafar na bodi ba, su za su fi canza masa aiki, sauran kuɗin kuma ya ajiye su har ranar da kyamarar ce da gaske ta gaza.