Binciken Ƙasa da Ƙasa Kan Kisan Shugabanni: Misalin Patrice Lumumba

Manufar wannan takarda ita ce nuna iyakar ƙarfin irin wannan bincike. An kashe Lumumba, Firayim Ministan Kwango na farko, a Katanga ran 17 ga Janairu, 1961. Hukumomin Katanga suka ce wai tserewa ya yi, mutanen ƙauye suka hallaka shi. A Nuwamban 1961 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙaryata wannan zance, ko da yake ba a bar shi ya shiga Kwango ba. Sai a 2001 kwamitin majalisar dokokin Beljiyam ya ɗora wa wasu ministocin ƙasar nasu alhakin. Wato kwamiti yana iya tono gaskiya, amma hukunci yana hannun gwamnatoci, alhali sau da yawa su ne abin zargi.