Layin Nguru Ba Gwangwan Ba Ne

Akwai maganar da nake yawan ji a majalisarmu ta Zaitawa bayan sallar isha'i, har daga bakin dattawan da nake jin nauyinsu: wai tsohon layin dogo kayan Turawa ne, don kwasar arzikinmu suka shimfiɗa shi, kuma tunda an kama aikin sabon layin Kano zuwa Maraɗi, tsohon sai 'yan gwangwan. Iyayena, ku gafarce ni, a nan ban bi ku ba.

Kuna da gaskiya a gefe guda. Da jirgi ya iso Kano daga Baro a 1911, auduga Turawa suke hange domin masaƙun Ingila. Amma manomin ƙasar Kano ya yi nasa lissafin, ya ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, kuma in kasuwa ta faɗi ana iya ci, sai ya dage a kanta. Ba a jima ba buhunan gyaɗa suka fi ƙarfin taragai a tashar Kano. Daga nan aka samu dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Ashe jirgin da suka kawo don kansu, talaka ya juya shi ya bi da shi inda yake so.

Kuma wa ya yi aikin? Kakanninmu ne suka sare daji, suka ɗauki ƙasa a kwando a ka, da yawansu bisa tilas. Gadar da jirgi ke hawa ya ƙetare kogin Challawa, da ta Jebba wadda kafin a gama ta sai an ɗora taragai a jirgin ruwa a haye da su kogin Kwara, da ta Makurɗi a kan Binuwai ta 1932, duk da gumin 'yan ƙasa aka kafa su. Abin da kakanka ya sha wuya a kansa ai gadonka ne.

Inda abin ya fi damuna shi ne rassan karkara. Reshen Zariya ya kai Ƙauran Namoda a 1929, na Kano ya kai Nguru a 1930, ya ratsa Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Waɗannan ba tashoshin manya ba ne, tashoshin mai gero da riɗi da fata da dabbobi ne. Malam Madori ma albarkacin tashar ta zama gari. Sabon layi abin murna ne, Allah Ya sa a gama lafiya, amma ba ta gonakin nan zai bi ba. Manomin Birniwa zai ci gaba da biyan kuɗin tirela, mu kuma mu biya a mudu a kasuwar Rimi.

Mun taɓa ganin yadda reshe ke mutuwa. Ƙaramin layin Zariya zuwa Jos an rufe shi a 1957, bai sake dawowa ba.

Roƙona ga hukumar jiragen ƙasa da gwamnatocin Kano da Jigawa da Yobe shi ne su duba gadoji da kwalbatocin layin Nguru, su tsare shi daga ɓarayin ƙarfe, su sa masa jirgin kaya ko sau ɗaya ne a mako lokacin kaka. Ku kuma iyayena, in kun ga yaro da ƙarfen dogo a baro, ku tambaye shi inda ya samo.