Gyaran Murhu da Mafitar Hayaƙi

Jama'a, da hunturu ya kama, komai ya bushe, gobara ba ta da wuya. A Tudun Wadan Zariya, inda gidaje ke manne da juna, wutar da ta tashi a ɗakin girki guda tana iya cin maƙwabta.

Murhun laka yakan tsage saboda zafi. Ta tsagin nan wuta ke zurarewa, itace ya ƙare tuwo bai dahu ba. A bari murhun ya huce, a kwashe toka, a yayyafa wa tsagin ruwa. Sai a kwaɓa laka da yashi da ɗan kashin shanu a liƙe. Kada a hura wuta sai ya bushe sarai, in ba haka ba zai sake tsagewa.

Mafitar hayaƙi kuwa ita aka fi mantawa da ita. Kunkunniyar da ke taruwa cikin bututu da jikin azara tana kamawa da wuta, kuma ɗanyen itace ya fi tara ta. A ɗaura tsumma a kan gora a riƙa share ta duk wata. Bututun da ya huje a kai wa maƙeri. Gidan da babu bututu, maigida ya huda taga sama da murhu. Aikin yini guda ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya hallaka mutum wajen miliyan 3 da dubu 200 a 2020. Uwargida da goyonta su suka fi shaƙarsa.