Idan Gulbi Ya Tare Hanya: Yadda Mota Mai Ja da Ƙafa Huɗu Ke Haye Ruwa a Ƙasar Gobir

Duk wanda ya taɓa bin hanyoyin ƙauyukan Sabon Birni ko Isa a watan Agusta ya san wannan tsayuwar. Hilux ta taso tana watsa taɓo, ta iso inda ruwa ya yanke hanya, direba ya taka birki, hira ta mutu a bayan mota. Yaron mota ya diro, ya naɗe wando har cinya, ya ari sandar wani makiyayi, ya shiga ruwan yana dogarawa. Idon direba ba ya kan tsallake. Yana kan jikin yaron: ruwa ya kai ƙwauri, ya kai gwiwa, ya wuce gwiwa da ɗani guda, ga shi yaron ya ɗan yi tangaɗi. Daga abin da ya gani a waɗannan mintuna biyar zai yanke shawarar da ko ta kai shi gida, ko ta kai motar garejin makanike a Sakkwato.

Yankin nan matattarar ruwa ne. Gulbin Bunsuru da ya taso daga ƙasar Katsina da na Gagare da ya biyo ta Zamfara suna haɗuwa ta wajen Isa, su zama Rima. Gulbin Maraɗi kuma ya fita ta Jibiya ya shiga Nijar, ya ratsa Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya dawo Najeriya ya zuba a Riman. Shi ya sa mutum zai kwana a Gatawa ko Bafarawa ba a yi ko yayyafi ba, ya wayi gari kwari ya cika, domin an kwana ana tafka ruwa a wata ƙasa mai nisa. Mutanen gabashin Sakkwato ba su manta da Satumban 2010 ba, lokacin da ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, ya cinye garuruwa da gonaki, ya tafi da gadar da ke kai wa Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A Yulin 2018 kuma ambaliyar dare ɗaya ta kashe mutum fiye da 40 a Jibiya.

A irin wannan ƙasa, mota mai ja da ƙafa huɗu ba ta gayu ba ce. Ita ke kai ma'aikatan rigakafi ƙauyen da ke bayan fadama, ita ke ɗaukar jami'an tsaro da masu kai agaji. Sai dai akwai wata fahimta da ta yi wa direbobi da yawa illa: ganin cewa tunda mota na da giyar taimako, wadda suke kira ogzilari, to ta gagari ruwa. Ogzilari maganin ƙasa ce, tana hana taya yin juyi a banza cikin yashi ko laka. Ba ta hana inji shan ruwa, ba ta kuma hana ruwa ɗaukar mota.

Kamfanonin da ke ƙera motocin nan sun faɗi iyakarsu. Toyota ta ce Hilux ta zamanin nan na iya shiga ruwa mai zurfin santimita 70, Ford ta ba Ranger 80, sabuwar Land Rover Defender kuma 90. Tayar Hilux tsayinta bai kai santimita 80 ba, ke nan da zarar ruwa ya shafe kan taya an riga an wuce gona da iri. Wannan lissafi ma na ruwa ne kwantacce, a kan ƙasa mai tauri, da mota lafiyayya. Ba na tsohuwar motar da robobin ƙofarta suka bushe ba, an ɗaure murfin matatar iskarta da waya.

Mutane da yawa salansa suke ji wa tsoro, alhali muddin inji na aiki hayaƙin da ke fita yana tunkuɗe ruwan. Haɗarin yana gaba, a hancin mota, wato bututun da inji ke shaƙar iska da shi, wanda a yawancin motoci yake ɓoye a ƙarƙashin bonet ko a cikin mudigadi. Aikin fistin shi ne matse iska. Tsohon injin dizal mai lita 3 irin na Hilux yana matse ta sau 22, har sararin da ya rage a saman fistin ya koma kamar cokali biyu da rabi. Iska na matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa ko kaɗan. Don haka ruwan da bai cika ƙaramin kofin shayin Buzaye ba, in ya shiga silinda ɗaya, fistin zai taso da ƙarfinsa ya daki abin da ba ya motsi. Sai a ji ƙara guda, ƙwas, mota ta yi shiru. Idan makanike ya buɗe, ya zaro sandar ƙarfen da ke tura fistin, wadda suke kira konrod, zai same ta ta lanƙwashe kamar lauje. Wani lokaci ma takan karye ta huda jikin injin. Wannan shi ne abin da ake nufi idan aka ce inji ya sha ruwa, kuma gyaransa ba na bakin hanya ba ne.

Domin wannan ne ake ganin doguwar roba baƙa ta bi gefen gilashin gaba har rufin motocin ƙungiyoyin agaji. Hancin motar ne aka ɗaga sama. Yana taimakawa ƙwarai, in an liƙe mahaɗansa da kyau, amma inji kawai yake karewa. Wayoyi da batir da na'urar da makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota suna nan inda suke. Hilux ɗin da ke yawo a Najeriya kuwa da yawansu na fetur ne, kuma injin fetur da wuta yake aiki, ruwa na taɓa inda bai kamata ba sai ya ɗauke.

Direban da ya san aikinsa ba ya faɗawa ruwa da zafin tafiya. Yana tsayawa ne, mota ta huce, kuma da dalili. Akwatin giya da aksul na gaba da na baya kowanne na da ɗan ƙaramin hancin da yake numfashi. Idan ƙarfe mai zafi ya nutse a ruwan sanyi, iskar da ke ciki takan tsuke ta zuƙo ruwa. Ba a ganin illar a ranar. Sai bayan mako biyu ko uku a fara jin kuka daga ƙarƙashin mota, a kwance murfi, a ga man giya ya yi fari kamar kindirmo.

Lokacin da mota ke hucewa shi ne lokacin karatun ruwa. Inda ruwa ya yi faɗi yana ƙananan igiyoyi, yawanci ba zurfi. Inda ya yi lumui ya yi duhu, nan rami yake. A kwanar gulbi, gefen waje ne ruwa ke ci, don haka ya fi zurfi. Mashigin shanu da amalanke ya fi aminci bisa sawun babbar mota, domin tayar gingimari na haƙa kwari biyu da tudu a tsakiya, ƙaramar mota ta hau tudun da ciki ta zauna daram. Mafi sharri kuwa shi ne kwalbatin da ruwa ya rufe: sama a ga kamar hanya ce, alhali ruwa ya cinye ƙasar da ke gefe ko ya karya simintin. A nan sandar yaron mota ta fi duk wata na'ura amfani. Ya taka inda tayar dama za ta bi a tafiya, ya taka ta hagu a dawowa, ya kafa kara inda ya ji rami. Masunta da 'yan fito da yaran ƙauyen da suka wuni a bakin ruwan sun san abin da ya shiga da abin da bai fita ba tun safe, tambayarsu ba ta rage wa direba girma.

Ƙarfin gudun ruwa ya fi zurfinsa muhimmanci. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka na gargaɗin cewa ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 na iya kayar da babban mutum, mai 30 ya tafi da ƙaramar mota, mai 60 ya kwashi manyan motoci irin su jif da a-kori-kura. Ba abin mamaki ba ne, tunda lita 1,000 ta ruwa nauyinta tan guda ne, kuma idan gudunsa ya ninka biyu, turinsa ninkawa huɗu yake yi. Mota kuma akwati ce mai iska a ciki. Ruwa na kaiwa ƙasan ƙofofi sai ya fara ɗaga ta, tayoyi su rage riƙo, baya ya fara juyawa. Idan yaron mota ya kasa tsayawa ba tare da dogara sanda ba, motar ma ba za ta tsaya ba.

In an yanke shawarar shiga, sauran shiri kaɗan ne. A ɗaura igiyar ja tun a tudu a naɗe ta a inda hannu zai kai, don ba a laluben ƙugiya a ƙarƙashin ruwa. A sassauta iskar taya idan gindin yashi ne. A rufe gaban mota da tamfol ko buhu, don ruwa kada ya daki fanka ya lanƙwasa fukafukanta su yanka lagireto. A sauke gilasai, a kashe na'urar sanyi. Mata da yara da tsofaffi, in akwai jirgin fito, su bi shi.

Sai a sa ogzilari ta ƙasa, giya ta biyu, a shiga a hankali, a riƙe totur wuri ɗaya, tafiya kamar ta mutum mai sauri. A wannan gudun motar kan tura wani ɗan tudun ruwa a gabanta, bayansa kuma ruwan ya ɗan faɗa daidai wurin inji. Mai gaggawa ya watsa ruwa ya haye bonet. Mai tsoro ya saki totur, tudun ruwan ya dawo masa. Ba a taka kuloci, ba a canza giya a tsakiya. Idan ruwan na gudu, a ɗan karkata ana bin inda ya nufa, kada a yi gaba da gaba da shi. Tsayawa kuwa babu ita, domin yashin gulbi kamar na Bunsuru zamewa yake yi daga ƙarƙashin tayar da ta tsaya, kamar yadda yake zamewa a ƙarƙashin ƙafar mai wanka, cikin mintuna kaɗan mota ta zauna a kan cikinta.

Idan ƙaddara ta faɗa mota ta mutu a ciki, hannun direba da kansa yake kaiwa ga makulli. Wannan murɗawar ce ke mayar da ƙaramar asara babba. A jawo ta waje tukuna, a buɗe matatar iska. In ta jiƙe, a cire fulogogi a injin fetur, ko nozul a na dizal, a juya injin ya tofar da ruwan ta ramukan, a canza baƙin mai, sannan a yi maganar tayarwa. Wadda ta haye lafiya ma tana da haƙƙi: a yi ta taka birki a hankali ana tafiya har ya bushe ya dawo da kamu, an isa gari kuma a duba man aksul da na giya, a sake giris.

Akwai abin da littattafan Toyota ba su sani ba game da Sabon Birni da Isa. A wasu ƙasashe shawarar ita ce mutum ya zauna ya jira ruwa ya janye. A nan, shekarun da aka kwashe ana fama da 'yan bindiga sun sa ba mai son la'asar ta same shi a bakin kwari cikin daji. Fasinja na cewa a yi ta maza, direba na duban rana, sai a shiga ruwan da ba a auna ba. Tsoron gaskiya ne, ba a raina shi. Amma motar da ta mutu a tsakiyar ruwa ta fi wadda ke bakin gaɓa zama cikin haɗari, tunda ta gaɓa na iya juyawa ta koma garin da ta baro. Abin da ya fi shi ne direbobi su fito da sassafe a damina, su yi tafiya mota biyu ko uku tare, su kira na tsallake su ji labarin mashigi kafin su bar tasha. Hukumomi kuma, kafin a samu gadojin da ake ta jira, su kafa turaku masu alamar zurfi a gefen kowane kwalbati da mashigin da aka san ruwa na rufewa, a shafa musu jan fenti daga santimita 60 zuwa sama.