Saiwar Hana Furfura Ta Ƙasar Sin: Turarawa Ba Ta Kashe Dafinta Duka

Duk matar da ke cefane a kasuwar Kilomita Biyar da ke Bangui ta san cewa sai an jiƙa rogo mai ɗaci kwanaki, an shanya, kafin ya ciwu. To, haka masu maganin gargajiya na ƙasar Sin ke yi wa saiwar He Shou Wu, wadda ake sha don hana furfura. Sukan turara ta da ruwan baƙin wake, su shanya, a tsohon tsari har sau tara. Wannan aiki yana rage sinadaran da ake zargi da lalata hanta.

Sai dai fa ba ya kawar da su duka. An samu waɗanda suka sha turararriyar, amma shawara ta kama su. Hukumar magunguna ta Ingila ta yi gargaɗi kan saiwar a 2006, sannan a 2014 hukumomin Sin suka ƙayyade giram 1.5 na ɗanya ko giram 3 na turararriya a rana cikin kayan ƙarin lafiya.

Mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yaɗu a Afirka ta Tsakiya, gara ya ƙaurace mata, tunda in an niƙa ta an cusa a ƙwanso, ido ba ya bambance ɗanya da turararriya.